Ciniki na tafiya amma kaya na ƙarewa a shagona: yarona ne ke ɗiba?

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne mai mata ɗaya da 'ya'ya biyu, ina da shagon kayan masarufi a wata unguwa a Kano. A farkon 2023 kawuna ya ba ni naira miliyan ɗaya da rabi na buɗe shagon, a kan mu riƙa raba riba biyu. Alhamdu lillahi ciniki bai taɓa tsayawa ba, a rana nakan haɗa kamar dubu 70, kuma kowane kaya ina ɗora masa kusan naira 10 a kan kowace 100. Amma kantocin da a da suke cike har sama yanzu rabinsu wayam. Hayar shago dubu 240 ce a shekara, yaron shago dubu 25 a wata, ni kuwa dubu 4 kawai nake ɗauka kullum na cefane, sai ɗan sukari da madara da sabulu na gida. Ina bin mutanen unguwa kusan dubu 180. Matata ta ce yaron ne ke ɗiba, mahaifiyata ta ce baki ne a nemi addu'a. Kawu ya ce bayan salla zai zo mu yi lissafi, don tun da aka fara bai karɓi ko sisi ba. Ina tunanin in ci bashi a manhajar waya in cika shagon kafin ya zo, in kuma sallami yaron. Me ka gani?

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah Ya sa albarka a nema, Ya saka wa kawu da alheri. Abu biyu nake roƙonka tun kafin mu yi nisa: kada ka sallami yaron nan tukuna, kada kuma ka taɓa bashin manhajar. Zauna mu bi alƙaluman da ka rubuto da hannunka, domin abin da ke cin shagonka yana cikinsu.

Dubu 70 a rana, in ka tara na kwana 30, miliyan 2 da dubu 100 ke nan a wata. Kuɗi ne mai kauri, kuma shi ne yake sa mutum ya ji shagonsa na da ƙarfi. Sai dai mafi yawan abin da kake ƙirgawa da daddare ba naka ba ne, na dillalan kasuwar Singa ne da za ka koma wa gobe ka saro wani kayan. Ka ce kana ɗora 10 a kan 100, wato abin da ka saro 100 kana sayar da shi 110. To a cikin kowace naira 110 da ta faɗa durowarka, 10 ce kawai ta rage bayan an mayar da kaya. In ka raba cinikin watan nan gida 11, kaso ɗaya ne naka: kimanin dubu 190. Wannan ma ba riba ba ce tukuna, domin shago yana da bakin da yake ci da shi. Haya dubu 20 a wata, yaro dubu 25. Ba ka ambaci wuta da man janareto ba, amma mai sayar da lemo da ruwan sanyi ba ya rasa su, bari mu ƙaddara dubu 30. Dako da kuɗin adaidaita sahu daga kasuwa zuwa unguwa, mu ce dubu 20. Leda, kuɗin maigadi, 'yan haraji, abin da ake cirewa a na'urar POS, kayan da suka fashe ko wa'adinsu ya ƙare, mu ce dubu 10, kuma na san na rage. An tashi dubu 105. Saura dubu 85. Wannan ita ce ribar shagonka a wata, kuma bisa yarjejeniyarku rabinta na kawu ne.

Yanzu dubi abin da ke tafiya gida. Dubu 4 ɗin da ka kira "kawai", a wata dubu 120 ce. Sukari da madara da sabulu da taliyar da ake aiko yaro ya karɓa, da wuya su kasa dubu 25. Dubu 145 ke nan ke fita daga shagon da yake samar da dubu 85. Giɓin dubu 60 duk wata, dubu 720 duk shekara, kuma babu inda wannan giɓi yake fitowa sai daga uwar kuɗi. Ban saka kuɗin asibiti ba, ban saka ɗinkin salla ba, ban saka gudummawar biki da suna ba, kuma ni da kai mun san daga durowar nan suka fito. Alƙaluman da na ƙaddara za su iya bambanta da naka, ka gyara su da na gaskiya. Amma ka lura, mun kai ga kanta rabi ba tare da mun buƙaci ɓarawo ko ɗaya ba.

Ba ina ce maka almubazzari ba ne. Dubu 4 ga gida mai mutum huɗu a wannan zamani ƙoƙari ne, matarka ma ta cancanci yabo da take iya juya ta. Abin da nake cewa shi ne shagon bai kai girman da zai ɗauki gidan ba a yadda ake tafiyar da shi, kuma rashin rubutu ne ya ɓoye maka hakan.

Akwai kuma abu na biyu da ya fi wannan ɓoyewa, kuma shi ne ya karya 'yan tireda da yawa waɗanda ba su ci ko kwabo ba bisa ƙa'ida. Ka buɗe shago a shekarar da farashi ya ɓalle. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. A watan Yuni na shekarar Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da take wajen naira 460 a hukumance ta wuce 1,500 a farkon 2024. Alkamar da ake yin fulawa da taliya, ɗanyen sukari, garin madara, mafi yawansu daga waje ake shigo da su, ga kuma kuɗin mota ya ninka. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 28.9 cikin 100 a Disambar 2023, ta kai 34.8 a Disambar 2024. In ka haɗa shekarun biyu, abin da naira miliyan ɗaya da rabi ta saya a farkon 2023, sai an sa kusan miliyan 2 da dubu 600 kafin a saye shi a ƙarshen 2024, kuma kayan abinci sun ma fi haka tashi. Wato ko da kawu ya zo ya tarar da miliyan ɗaya da rabinsa cif a shagon, ba ta ragu da ko naira ɗaya ba, kantocin ba za su wuce rabi da ɗan ɗoriya ba.

Ga yadda abin ke faruwa a hannu. Ka saro katan a dubu 10, ka sayar da shi ɗaiɗai ya tashi dubu 11. Ka ce alhamdu lillahi na ci dubu ɗaya, ka kai ta gida. Ka koma Singa da dubu 10 ɗinka, aka ce maka yau katan dubu 11 da 500 ne. Ka tsaya kana lissafi a bakin rumfa, ƙarshe maimakon katan 10 da ka saba ɗauka sai ka ɗauki 8, ka ce sauran sai wani zuwan. Wani zuwan kuma ya sake tashi. Dubu ɗayan nan da ka kai gida ba riba ba ce, guntun katan ɗin ne. Ko da ba ka taɓa ta ba, da sauran naira 500 kafin ka mayar da abin da ya fita daga kantarka. Haka manomi yake in ya daka irin da ya ajiye ya yi tuwo: ya ƙoshi yau, damina ce za ta nuna masa abin da ya ci.

Don haka ka sauya ma'aunin da kake auna jari da shi. Jarin mai shago kaya ne: katan nawa na taliya, buhu nawa na sukari, jarka nawa ta man girki. Riba kuwa ita ce abin da ya rage bayan ka mayar da kowane katan da ya fita, ka biya abin da shago ya ci. Daga nan ne ƙa'idar sa farashi take fitowa: ka ɗora ribarka a kan farashin da za ka saro kayan gobe, ba wanda ka saro shi makon jiya ba. Kiran waya ɗaya da safe ga wanda kake sari a wurinsa ya isa ka san inda kasuwa ta kwana. Na san abin da za ka ce, mutanen unguwa za su ce tsohon kaya ne ka ƙara masa kuɗi, ba ka da tausayi. Wannan magana tana da zafi ga mai kunya, amma ka bambanta abu biyu. Wanda ya kulle kaya a sito ya hana mutane don farashi ya tashi, shi ne addini ya yi wa kashedi. Wanda kayansa ke kan kanta, kowa ya zo ya saya a farashin da kasuwa take a yau, bai zalunci kowa ba. In ka ci gaba da sayarwa a tsohon farashi, wata shida masu zuwa babu shagon da za su zo su samu sauƙin a cikinsa. Kuma ƙa'idar tana yanka ta ɓangare biyu. Ranar da farashi ya sauko, kamar yadda aka ga hatsi ya yi a 2025, kai ma dole ka sauko ko da ka saro da tsada, in ba haka ba maƙwabcinka da ya yi sabon sari zai kwashe maka mutane, kayanka su kwana. Shi ya sa a lokacin da farashi ke rawa ba a jibge kuɗi a kaya ɗaya.

Wani abu da ba kasafai masu shago ke dubawa ba shi ne saurin juyawar kaya. Idonmu ya fi zuwa kan kayan da ribarsa ke da kauri. Ɗauki dubu 10 biyu. Ta farko ka sa a kayan da ke ƙarewa duk kwana huɗu, yana bar maka naira 400 kacal. A wata ya juya sau bakwai, ya kawo dubu 2 da 800. Ta biyu ka sa a man shafawa ko turare mai ribar dubu 2 da 500, amma sai ya yi wata uku kafin ya ƙare. A wata bai kai naira 900 ba, ga ƙura, ga farashin sari ya tashi kafin ka gama sayar da shi. Mai ƙaramin jari ba shi da halin ajiye kuɗi a kanta don ado. Ka duba saman kantocinka, duk abin da ya wuce wata biyu ba a tambaye shi ba, ka karya farashinsa ya fita ko da a kuɗin da ka saro shi ne, ka mayar da kuɗin cikin abin da unguwarku ke nema safe da yamma. Shago mai kaya kala 40 da ke gudu ya fi mai kala 150 da rabinsu ke barci.

Sai maganar bashin dubu 180. A jari irin naka wannan ba ƙaramin abu ba ne, ya fi ribar wata biyu. Kuɗin nan da suna hannunka da sun juya sau da yawa, kuma duk watan da suka ƙara a waje ƙarfinsu raguwa yake, domin wanda ya ɗauki mudun sukari bara zai biya ka kuɗin bara ne, kai kuwa a farashin bana za ka mayar da shi. Ba zan ce ka daina ba da bashi ba, wanda ya zauna a unguwa ya san hakan ba ya yiwuwa, kuma akwai lada a ciki. Amma ka raba littafin gida uku a zuciyarka. Akwai ma'aikaci da ke biya duk ƙarshen wata, wannan abokin ciniki ne, ka yanka masa iyaka, in ya biya na baya ya ɗauki sabo. Akwai mai hali da ya mayar da kai bankinsa, yana wucewa ta gaban shagon da sabon ɗinki, wannan ka bi shi da fara'a da naci, ka karɓa ko da dubu bibbiyu ne. Akwai kuma gwauruwa mai marayu da ka san ba ta da shi. Nata ba bashi ba ne, sadaka ce, ka cire shi daga littafi ka sa a kason ribarka, kada ka yi kyauta da dukiyar kawu ba da saninsa ba. Kuma kowane bashi a rubuta shi a gaban mai ɗauka, da rana da adadi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, saboda haka babu wanda zai ce maka rubutu rashin yarda ne.

Abin da za ka fara yi a makon nan shi ne ƙidaya. Zaɓi dare ɗaya ka rufe shago da wuri, kai da yaron da wani amintacce na uku. Ku sauke komai, ku ƙirga, ku rubuta kowane kaya da farashin sarinsa na yau. Ka haɗa da tsabar kuɗin da ke durowa, da na asusun da ake maka taransifa, da bashin da kake da yaƙinin za a biya. Daga jimlar ka cire duk abin da ake binka: kayan da ka karɓa ba ka biya ba, hayar da ta taru, albashin yaro in akwai saura. Abin da ya rage shi ne jarin shagon a yau. Duk wani lissafin kamfani, komai girmansa, a kan wannan yake tsaye: abin da ka mallaka, a cire abin da ake binka. Firji da janareto ka rubuta su daban, a kuɗin da za su yi in an sayar da su yanzu. Su ma cin jari suke a hankali. Firjin dubu 250 da zai yi shekara biyar yana cin dubu 50 duk shekara, kuma in ba ka ware masa wajen dubu 4 a wata ba, ranar da ya mutu daga kuɗin sari za ka sayi wani.

Da wannan lissafi a hannu za ka ga dalilin da na ce kada ka ci bashin manhaja. Ka karɓi dubu 500 ka cika kanta: kayanka sun ƙaru da dubu 500, bashin da ke kanka ya ƙaru da dubu 500, jari yana nan inda yake. Abin da ya ƙaru na gaskiya shi ne kuɗin ruwa, wanda addininka ya hana, kuma ko a ma'aunin kasuwa ba ya fita. In suna karɓar kashi 10 a wata, dubu 50 ke nan daga shagon da duk ribarsa dubu 85 ce, kuma wa'adinsu gajere ne, kafin kayan su juya an fara kira. Wasu daga cikin masu irin wannan manhaja sun yi ƙaurin suna wajen aika saƙon tozarci ga duk lambar da ke wayar wanda ya makara, har hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. Ka yi tunanin irin wannan saƙo ya faɗa wayar kawu. Bayan haka, ƙanena, in faɗa maka abin da ya fi damuna: cika kanta da kuɗin aro don kawu ya gani yaudara ce. Mutumin da ya ɗauki miliyan ɗaya da rabi ya ba ka, ya yi shiru tsawon wannan lokaci bai tambaye ka ba, bai cancanci haka daga gare ka ba, kuma na tabbata tsoro ne ya kawo maka tunanin, ba halinka ba ne.

Game da yaro, ban ce ba ya ɗiba ba, ban kuma ce yana yi ba. Kai ma ba ka da abin da za ka ce, domin shagon da ba a ƙirga kayansa ba, ba a iya kama ɓarawo a cikinsa, ba a kuma iya wanke mai gaskiya. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Bayan ƙidayar, zaɓi kaya goma da suka fi fita, ka ƙirga su da safe, ka ƙirga da dare, ka gwada abin da ya fita da kuɗin da ya shigo, har tsawon mako biyu. Ka gaya masa a fili cewa sabon tsari ne na shago, kuma kai ma ya hau kanka: ko ƙwayar maggi aka kai gidanka sai an rubuta. Taransifa duk ta shiga asusu ɗaya na shago wanda ba ka haɗa shi da na kanka ba, kuma kada kaya su fita sai an ga kuɗin a cikin asusun, ba a hoton wayar mai saye ba. In akwai ɓaraka za ta bayyana da adadinta, sai ka yi magana da hujja. In babu, ka tsira daga ɗaukar alhakin ɗan mutane, ka kuma tsira da yaron da ya san kan shagon. Ita kuma Hajiya mahaifiyarka, ka karɓi maganarta hannu biyu, a yi addu'a, a yi sadaka, ka nemi albarkarta. Addu'a ba ta hana ƙidaya.

Daga ranar ƙidaya ka yanka wa kanka albashi. Wannan shi ne gyaran da ya fi kowane wuya, domin mai shago yana jin duk abin da ke ciki nasa ne. Ka sa adadi, ka ɗauka sau ɗaya a mako, ka miƙa na cefane daga ciki. In gida na son madara, a zo da kuɗi a saya kamar kowa, ko a rubuta a cire daga albashin. Ka zaunar da matarka ka nuna mata lissafin nan gaba ɗaya, kada ka ce mata kawai an rage cefane. Mace in ta ga alƙaluma da idonta ta fi kowa iya tsimi, kuma zargin da take yi wa yaron daga rashin sanin inda kuɗin ke tafiya ne. Littafin da za ka riƙe ba wani abu ne mai wuya ba, na 'yan makaranta mai shafi 60 ya isa. Kowace rana shafi ɗaya: abin da ya shigo, abin da aka saro, abin da shago ya kashe, abin da gida ya ɗauka, bashin da aka bayar da wanda aka biya. Minti goma ne kafin ka kulle. Ƙarshen kowane wata a sake ƙidaya. Littafin nan zai yi maka amfani nan gaba ma, domin dillalin da zai ba ka kaya ka sayar ka kawo, da bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, duk abin da suke fara nema shi ne shaidar yadda kasuwancinka ke tafiya.

Kawu kuwa, kada ka jira ya zo bayan salla. Kai za ka je, da takardar ƙidaya a hannu, ka gaishe shi ka ce ka zo da lissafi. Ka nuna masa abin da ya rage, ka nuna masa abin da hauhawar farashi ta ci, ka kuma faɗa masa da bakinka abin da gidanka ya ci. Irin yarjejeniyarku, ɗaya ya kawo dukiya ɗaya ya kawo aiki a raba riba, ita ce malaman fiƙihu ke kira ƙiradi, kuma tana da ƙa'idoji sanannu. Ba a raba riba sai uwar kuɗi ta cika. Asarar da kasuwa ta jawo ba tare da sakaci ba tana kan mai dukiya, mai aiki kuma ya yi asarar wahalarsa. Amma abin da mai aiki ya ɗauka don hidimar gidansa yana zaune a garinsu, wannan daga kasonsa ne, in ya wuce kason ya zama bashi a kansa. Saboda haka ka ƙiyasta abin da ka ɗauka tun daga farko, ka cire rabin ribar da ya kamata ya zama naka, abin da ya haura ka amsa shi a matsayin bashi, ka nemi ya ba ka lokaci ka riƙa mayarwa kaɗan-kaɗan cikin shagon. In kun so ku sa malamin da kuka yarda da shi ya zauna da ku. Mai yiwuwa kawu ya yi faɗa, yana da haƙƙin yi. Amma dattijon da ya ga ɗan 'yar'uwarsa ya zo da kansa da rubutaccen lissafi, har da abin da ba ya yi masa daɗi, ya fi saurin sake amincewa da shi a kan wanda aka gano daga baya.

A wannan zama ku sabunta yarjejeniyar, a rubuce, da shaidu biyu. Ku fayyace nawa za ka riƙa ɗauka duk mako a matsayin abin da za a cire daga kasonka, nawa ne iyakar bashin da ya yarda ka bayar, kuma yaushe ne lokacin lissafi, wata uku-uku ya fi shekara. Ka kuma roƙe shi ku amince ku biyu cewa ba za a fitar da riba a raba ba sai shagon ya iya mayar da yawan kayan da aka ƙirga a lissafin baya. In ba haka ba, ranar da takarda ta nuna miliyan 2 za ku ce an ci ribar dubu 500 ku raba, alhali kantoci sun faɗa muku akasin haka.

Akwai yiwuwar bayan wata uku na rubutu ka ga cewa ko an gyara farashi, an karɓo bashi, an fitar da kayan da suka kwana, abin da ke zuwa hannunka bai kai cefanen gidan ba. A lissafinmu na sama rabin dubu 85 bai kai dubu 43 ba, ƙasa da mafi ƙarancin albashi na dubu 70 da aka sa wa hannu a 2024. In haka ta tabbata, sai a duba ta wani gefen. Ko ka karɓi aikin yaron da kanka na wani lokaci, bayan ka sallame shi da mutunci da haƙƙinsa cikakke saboda shago ba zai iya ba, ba da sunan sata ba. Ko ka ƙara abin da ke kawo kuɗi ba tare da ya ci jari mai yawa ba, kamar cajin waya ko sayar da kati, tun da ga wuta ga mutane na zuwa. Ko matarka ta riƙa ƙulla wani abu a gida, ƙanƙara ko zoɓo, ana sa wa a firjin da dama yana cin mai. Ko kuma ku sake duba rabon da kawu, domin rabi da rabi ga wanda yake tsaye daga asuba zuwa goman dare abu ne da za a iya tattaunawa, in an zo da lissafi a hannu.

In ka yi ƙidayar, rubuto mini abu uku: jimlar kayan a farashin yau, bashin da ka tabbatar zai dawo, da abin da gida ya ɗauka a makonni biyun farko na rubutu. Da su za mu fitar da adadin da ya kamata ka yanka wa kanka kafin ka je wurin kawu. Allah Ya rufa asiri, Ya buɗa kasuwa.